Tukunyar da Ba Ta Jiran Mahauci: Tarihin Cimar Tsirrai a Ƙasar Zakirai

Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa da ke arewa maso gabas da birnin Kano, tana cikin yankunan da mafi yawan abin da ake ɗorawa a murhu kullum ya kasance na tsirrai tun zamani mai nisa, wato hatsi da wake da ganye da daddawa da mai, ba tare da an taɓa kafa wata ƙungiya ko an bi wata aƙida da ta hana cin nama ba. A Ingila an kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa nama a 1847, sannan a 1944 Donald Watson da abokansa suka kafa wata da ta ƙara da barin madara da ƙwai da duk abin da ya fito daga jikin dabba, a 2013 kuma aka buɗe Veggie Victory a Legas, gidan abincin da ake ɗauka shi ne na farko a Nijeriya da ba ya sayar da komai sai girkin tsirrai. Waɗannan duka zaɓi ne na mutanen da nama yake kusa da hannunsu suka bar shi da gangan, saboda tausayin dabba ko kula da lafiya ko kare muhalli. Al'amarin karkarar Kano daban ne, domin Musulunci ya halatta nama, Bahaushe kuma yana son sa, yana karrama baƙo da shi. Abin da ya haifar da cimar tsirrai a nan shi ne tsarin ƙasa da na noma, kuma a cikin wannan tsari ne mata suka gina cikakkiyar fasahar girki wadda sunan abincin talaka da ake laƙaba mata ya yi mata kaɗan ƙwarai.

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta yi suna wajen yawan jama'a tun kafin zuwan Turawa, har Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851, ya yaba albarkarta da yawan garuruwanta. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka wallafa bincike a kan wannan yanki mai cunkoson gonaki, kuma abin da nazarin wancan lokaci ya nuna shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Inda gona ta haɗe da gona haka, saura, wato gonar da aka ƙyale ta yi shekaru ciyawa ta rufe ta, takan ɓace, makiyaya ta ƙuntata, dajin farauta kuma ya ja baya, sai ya zamana dabbar da magidanci zai iya riƙewa ita ce wadda za a ɗaure a turke duk tsawon damina ana yanko mata ciyawa, wato akuya da tunkiya da jaki, sai kaji da zabi da ke kiwo a tsakar gida.

Darajar waɗannan dabbobi ga manomi tana cikin rayuwarsu fiye da yankansu. A shekarun 1990 Frances Harris ta yi nazari a Tumbau ta ƙaramar hukumar Gezawa, maƙwabciyar Gabasawa, inda ta bi diddigin yadda abincin ƙasa ke zagayawa: ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, jijiyoyinsu suna ƙara wa ƙasa naitirojin, sinadarin da ke sa ganyen shuka ya yi kore shar, a tara harawa, wato busasshen ganyen wake da na gyaɗa, a ciyar da awaki da tumaki da rani, a kwashi takinsu da mangala a kan jaki a mayar gona kafin ruwan shuka, ƙurar hunturu kuma ta ƙara nata gwargwado. Wanda ya yanka akuyarsa don miyar dare ya rage takin baɗi, ya kuma taɓa ajiyar da za a sayar ranar da rashin lafiya ko aure ko haraji ya taso, musamman da yake yawancin ƙananan dabbobin gida mallakar mata ne, su ne dukiyar da suke tarawa don kayan ɗakin 'ya'yansu. Saboda haka nama ya kasance yana da ƙofofinsa sanannu. Akwai ranar kasuwa, inda mahauta ƙarƙashin Sarkin Fawa suke yanka su kasa, mai hali ya yi cefanen kashi ɗaya, samari da magidanta kuma su ci tsire ko balangu a wurin. Akwai ragon suna da ƙaurin da ake dafa wa mai jego. Akwai Babbar Salla, lokacin da ake soye naman layya a adana shi ya yi makonni, har wasu gidaje su ajiye wani yanki zuwa daren cika-ciki a watan Muharram. Tsakanin waɗannan ranaku tukunya ba ta jiran mahauci.

Ginshiƙin wannan cima shi ne haɗa hatsi da wake, kuma dukansu 'yan asalin Afirka ne. Masu binciken kufai sun sami shaidar noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, sun kuma sami burbushin wake a Kintampo ta ƙasar Gana na fiye da shekara 3,500. Masana abinci na zamani sun bayyana hikimar haɗin: furotin, wato sinadarin gina jiki, yana ƙunshe da ƙananan sassa da dama, akwai ɗaya daga cikinsu mai suna laisin da ya yi ƙaranci a gero da dawa amma yake da yawa a wake, yayin da hatsi yake cike wani giɓin da wake ke da shi, don haka idan an ci su a yini ɗaya jiki yakan sami abin da kowannensu shi kaɗai ba zai bayar ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata, kuma ba abin mamaki ba ne da cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta buɗe reshe a Kano ta kuma ajiye gonar gwajinta a Minjibir, dab da ƙasar Gabasawa.

Yawan hanyoyin sarrafa wake kaɗai ya isa shaida cewa an daɗe ana tunani a kan wannan tukunya. Ana surfa shi a markaɗa a soya ƙosai, ko a turara ƙullun ya zama alale. Ana niƙa shi gari a haɗa da garin rogo ko na dawa da kuka da ruwan kanwa a jefa ɗanwake a tafasasshen ruwa, a tsame a ci da man gyaɗa da yaji. Ana ƙunshe ƙullunsa a ganye a dafa tubani. Ana murza garinsa a turara wasa-wasa. Ana kuma dafa shi da dawa ko gero, daga baya da shinkafa, wanda shi ne garau-garau da ya cika kasuwannin Kano a yau. Kanwar da ke sa wake ya nuna da wuri, ta kuma sa ɗanwake ya yi santsi, ba a ƙasar Kano ake haƙo ta ba. Fatake ne suke kawo ta daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Cadi, kamar yadda a da ayarin Azbinawa yake kawo gishirin Bilma kowace shekara. Ke nan ko tukunyar da ta fi kowace sauƙi a ƙauye tana da hannu a cinikin da ya ratsa ɗaruruwan mil.

Amma abin da ya riƙe miyar da babu nama a cikinta shi ne daddawa, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ana yin ta ne da kalwa, wato ƙwayar da ke cikin 'ya'yan ɗorawa, bishiyar da manomi ba ya sarewa idan yana sharar gona. Ɗorawa takan nuna da bazara, a tsinko ta a ɓare, a ware garinta rawaya mai zaƙi da ake sha ko a dama, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba ta ƙarfafa daɓe da shafen katanga. Kalwa kanta tauri gare ta, ba ta ciyuwa sai an dafa ta yini guda ko fiye a babbar tukunya, a zuba a turmi da toka ko yashi a surfe baƙin ɓawonta, a wanke a rairaye, a sake dafawa, sannan a juye ta da zafinta a ƙwarya ko kwando a rufe da ganye da tsumma a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin waɗannan kwanaki wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, suke narka furotin ɗin kalwa su fito da sinadarin da harshe ke ji a matsayin ɗanɗanon romo, irin wanda ake samu a naman da ya dahu. Daga nan sai a kirɓa, a mulmula, a shanya, ta zama baƙin dunƙulen da zai yi watanni bai lalace ba. Irin wannan ƙwayar halitta ce mutanen Japan suke amfani da ita wajen ruɓar da waken suya su sami abincinsu da ake kira natto, sai dai mai daddawa ta ƙauyen Kano ta kai ga wannan sani da hannu da hanci, ta gaje shi daga uwa da kaka, kuma ita ce take gane ranar da za a buɗe ƙwarya da adadin itacen da tukunya za ta ci. Inda kalwa ta yi tsada akan yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19 sun tarar da daddawa a kasuwanni a matsayin hajar fatauci, kuma a 1826 ne masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park, a cikin ratayen littafin tafiyar Denham da Clapperton. Kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa furotin ne, ga kuma maiƙo, don haka abin da ake jefawa a miya don ƙamshi abinci ne a karan kansa.

Ganye shi ne ƙafa ta uku. Kuka, wadda ake tsinkar ganyenta a shanya a daka, ita ce miyar da ba ta yankewa rani da damina, sai busasshiyar kuɓewa da karkashi da lalo da yakuwa, sai taushe na kabewa da gyaɗa idan kaka ta yi. Zogale, wanda asalinsa ƙasar Indiya ne amma ya daɗe da zama ɗan gida a shingen gidaje, da rama da tafasa da ɗinkin, wato ɗanyen tohon ɗinya, su ne ake dafawa a tsane a yi kwaɗo, ko a cuɗa da tsaki a turara dambu, ko a dama fate. Muhimmancinsu yana bayyana ne a tsakiyar damina, daga Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, aikin noma kuma ya fi kowane lokaci nauyi. A wannan tsakani ganye ne yake ƙara auki ga ɗan tsakin da ya rage. A shekarun yunwa kuwa shi ne tsakanin mutum da kabari. Farin 1913 ya jawo yunwar 1914 da ta kashe dubban mutane a ƙasar Kano, aka sake shiga wata a 1927 da ake tunawa da ita da sunan 'Yar Buhu, sannan farin 1972 zuwa 1974, kuma Michael Watts ya bi tarihinsu a littafinsa Silent Violence na 1983. A kowacce daga cikinsu gidan da matansa suka san wane ganyen daji ake ci, da yadda ake tafasa shi a zubar da ruwan ɗaci, ya fi samun damar kaiwa kaka. Wataƙila daga nan ne tafasa da 'yan uwanta suka ɗauki tabon da har yau bai bar su ba, domin mutum yakan guji abincin da ke tuna masa da wahala ko da abincin ne ya cece shi.

Gyaɗa, wadda ta zo Afirka daga nahiyar Amurka kamar masara da rogo da barkono da tumatir, ta daɗe a gonakin Kano kafin ta zama hajar Turawa. Bayan cin Kano da yaƙi a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911, kamfanonin Turai suka fara sayen ta da yawa daga 1912, dillalai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka, kuma layin dogo na Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 ya ratsa ta Zakirai da Ringim, ya kusantar da gonakin gabas da dalar gyaɗa ta birni. Ba duka gyaɗar ce ta hau jirgi ba. Wadda ta tsaya a gida mata ne suke soya ta, su niƙa, su matse mai, su soya tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, wanda kusan rabinsa furotin ne, kuma shi ne ake dakawa a yi kwaɗo, a barbaɗa a gurasa, a haɗa yajin tsire. Wannan sana'a, tare da suyar ƙosai da waina da yin ɗanwake da fura da daddawa, ita ce abin da Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969: matar da ke kulle tana sarrafa amfanin gona a cikin gida, 'yarta ta ɗauki talla ta zaga gari, kuɗin kuma na matar ne ba na mijinta ba. Idan ana neman gidajen cin abincin tsirrai na karkarar Kano a tarihi, to waɗannan gidaje ne, da faifan talla da ke fitowa daga zaurukansu safe da yamma. Lokacin da kuturtar gyaɗa, cutar da darɓa ke yaɗawa, ta lalata amfanin 1975 jim kaɗan bayan fari, ba kamfanonin fitar da kaya kaɗai abin ya taɓa ba, har da jarin waɗannan mata da man da ake zuba wa ɗanwake.

Tarukan cin abinci ma, idan aka ware Babbar Salla da suna, mafi yawansu a kan hatsi da wake suka ginu. Sadakar Juma'a ƙosai ce ko waina, gumba ake rabawa a sadakar mamaci, fura da tuwo ake kai wa 'yan gayya a gona, da azumi kuma kunun tsamiya da koko da ƙosai su ne buɗa-baki a kusan kowane gida. Akwai kuma ciyayya, al'adar da magidantan unguwa suke zama a ƙofar gida bayan magariba kowa a fito da akushin gidansa a ci tare, baƙo da almajiri su sami rabonsu. Sai dai wannan cima ba ta taɓa ƙaurace wa abin da dabba ke bayarwa tana raye ba, domin nonon da Fulani mata ke kawowa a dama fura da man shanun da ake zuba wa tuwo suna cikinta tun fil azal, kuma su ne suke samar da wasu sinadarai, irin su bitamin B12, da tsirrai ba sa bayarwa.

Sabon shiga mafi girma a wannan tarihi shi ne awara. An kawo waken suya Nijeriya a 1908, ya kuma daɗe a ƙasar Tibi ta Binuwai ana noma shi don fitarwa waje, ba a san yadda za a ci shi a gida ba, sai matan yankin Kafanchan da suka gano ana iya yin daddawa da shi a madadin kalwa. A shekarun 1980 abubuwa suka haɗu: cutar bushiya ta kashe shanu masu yawa a 1983, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida daga 1986 ya karya darajar naira, nama da madarar gwangwani suka fi ƙarfin mutane da dama. A 1987 IITA ta fara shirin koyar da sarrafa waken suya a gida da tallafin ƙasar Kanada, a 1989 kuma wani masanin abinci ɗan Japan mai suna Osamu Nakayama ya zo ya yi aiki a kan yadda za a daskarar da madarar waken da kayan da ake samu a gida, ciki har da ruwan tumfafiya da matan Fulani suke yin cuku da shi. Mata a Arewa suka karɓi abin suka mayar da shi nasu: a jiƙa wake, a markaɗa a inji, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami na gasara ko na tsamiya, a kwashe abin da ya taso a matse a buhu, a yanka a soya a ci da yaji. Cikin shekaru kaɗan awara ta zama abin da ake soyawa a bakin makarantu da tashoshin mota daga birni har ƙauye, kuma saurin karɓuwarta yana nuna cewa ta tarar da hanya a share, domin hannun da ya saba da ƙullun ƙosai da matsar tunkuza bai ga baƙon aiki a cikinta ba.

A daidai wannan zamani ne kuma tsohon ginshiƙin ya fara girgiza. Dunƙulen Maggi da makamantansa, waɗanda suka bazu a kasuwannin Nijeriya daga shekarun 1960 da 1970, sun kawo ɗanɗano mai sauƙin samu, amma mafi yawan abin da ke cikinsu gishiri ne, ba su da furotin da maiƙon da daddawa ke sa wa miya, don haka gidan da ya musanya wannan da wancan ya yi asarar abinci ko da bai ji a baki ba. Shinkafa da taliya sun shigo inda tuwon gero da dambu suke, ana kuma kallon su a matsayin alamar ci gaba. Ba daidai ba ne a ɗauka cewa cimar da ta gabata ta wadatar da kowa a kowane lokaci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Amma musabbabin hakan yana cikin ƙarancin abincin da kuma kunu tsararo da ake yaye yaro da shi, kuma maganin da ma'aikatan lafiya da kansu suke koyarwa, wato haɗa gero da waken suya da gyaɗa a garin kunu a ƙara da zogale, daga cikin wannan tsohuwar tukunya aka ɗebo shi.

Haɗarin da ya fi girma yana kan bishiyoyi. Yawancin ɗorawa da kukar da ke tsaye a gonakin Gabasawa da Gezawa da Minjibir manya ne da aka gada, tohon da zai maye gurbinsu kuwa garma da awaki ba sa barin sa ya tashi, gonaki suna ƙara tsagewa wajen rabon gado, buƙatar itacen girki da gawayi kuma tana ƙaruwa. Ɗorawa ba ta bayar da 'ya'ya sosai sai ta kusa shekara 10, don haka kalwar da za a dafa nan da shekara 10 sai an dasa ta yanzu. Ya kamata hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, KNARDA, da ƙaramar hukumar Gabasawa da dagatai da masu unguwanni su sa ɗorawa da kuka a gaba cikin dashen da ake rabawa kowace damina, su taimaka wa manomi da abin da zai killace su har su fi ƙarfin akuya, su kuma nemi matan da suka ƙware a daddawa tun suna da rai a rubuta yadda suke yin ta, a koya wa 'yan baya.